Waiwaye: Yadda Gonar Ikara, Makarfi da Kudan Ta Koma Jiran Buhu

Da zarar bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, hirar majalisa a Janfalan da Paki da Gubuchi da Hunkuyi takan tattaru a kan abu guda: nawa buhun kamfa bana, nawa na yuriya. Matashin manomi zai gaya maka kai tsaye cewa gonar tudu ba ta yin masara sai an ba ta buhu, in ka hana ta, ta hana ka. Dattijon da ke gefensa kuwa ya ga zamanin da wannan gona take ciyar da gandu guda da dawa da gero da wake, ba a sayi ko mudun takin zamani ba. Dukansu gaskiya suke faɗa. Abin tambaya shi ne, me ya sami ƙasar a tsakani?

Masana muhalli sukan kasa abin da ke kowane wuri gida biyu. Akwai marasa rai: ruwan sama, hasken rana, zafi da sanyi, iska, dutse, yashi da laka, da sinadaran da ke cikinsu. Akwai masu rai: itatuwa, ciyawa, amfanin gona, dabbobi, tsuntsaye, ƙwari, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, da shi kansa mutum. A allon makaranta kowane rukuni da layinsa. A gona kuwa ba ka taɓa ɗaya ba tare da ɗayan ya motsa ba, kuma tarihin wannan yanki na arewacin Zazzau cikin shekara 130 da suka wuce shaida ne a kan haka.

Abin da kakanni suka tarar

Ƙasar nan shimfiɗaɗɗen tudu ce a kan tsohon dutse, tsayinta ya haura mita 600 daga teku. A Samaru, inda aka daɗe ana auna ruwa, abin da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,000 ko da ɗoriya kaɗan, kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, da marka a Agusta. Sauran watannin na rana ne da iska. Hunturu yakan zo da ƙura tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Ƙurar da ke fasa leɓe ta toshe hanci ita ce ke sauka a gona da ɗan abin da shuka ke so, kuma lallausar ƙasar da ke saman tudun Zazzau, iska ce ta tara mafi yawanta cikin dubban shekaru.

Irin wannan ƙasa tana da daɗin huɗa, amma ba mai ƙiba ba ce. Ruɓaɓɓen ganye da kashi da ke cikinta kaɗan ne, zafin rana kuma yana cinye shi da wuri. In aka bar ta tsirara ruwa ya dake ta, sai samanta ya yi ɓawo, ruwan da ya biyo baya ya gangara bai shiga ba. A gangaren tudun ne fadama take, da baƙar laka da ruwa kusa. Wannan shi ne jarin da aka tarar. Abin da ya mayar da shi ƙasar noma da ta ciyar da birni da ƙauye, aikin masu rai ne.

Mai sassabe a da ba ya taɓa ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya. Saiwoyinsu suna zurfafa inda ta dawa ba ta kaiwa, su jawo abinci daga can, su zubar da shi a saman gona cikin ganye. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, bai tare wa shuka rana ba, da rani kuma ya yi kore, shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Furen ɗorawa jemage ke ziyarta da dare, ƙudan zuma da safe, daga nan ake samun kalwa, daga kalwa daddawar miya. Gara, wadda ake tsine wa don cin rumbu da azara, ita ce ke huda ƙasa ruwa ya sami hanya. Buzuzu yana binne kashin shanu, tana tana juya laka.

Bayan girbi Bafulatani yakan sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara da karmami, su kwana a wurin, mai gona ya sallame shi da damin dawa. Gonar karkara tana samun toka da juji da kashin awaki a mangala bisa jaki. Gonar nesa, in ta fara rauni, sai a bar ta saura, gamba da sabara su rufe ta shekaru kafin a dawo. A kunya guda kuma gero da dawa da wake da gyaɗa suke zaune tare. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ya duba saiwarta ya ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. In ka fasa ɗaya da farce za ka ga cikinsa ja-ja. A ciki akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, su mayar da shi abincin shuka. Abin da ake saye yau a buhun yuriya, shi ne waɗannan halittu ke haɗawa a gindin wake da gyaɗa kyauta.

Annoba, tsando da gatari

Wannan tsari bai hana wahala ba. A wajejen 1890 zuwa 1891 ciwon bushiya, wanda ya shigo Afirka ta Eritiriya a 1887 cikin shanun da aka kawo daga waje, ya iso ƙasar Hausa ya share mafi yawan garkuna. A 1913 ruwa ya ɗauke, 1914 ta zo da yunwar da ake kira Kakalaba. Masifa ta farko wata halitta ce da ido ba ya gani ta kawo ta, ta biyu daga sama ta zo, amma duka a rumbu ɗaya suka tsaya.

Bayan Turawa sun ci Zariya a 1902, hare-haren kama bayi suka kwanta, mutane suka riƙa fita daga garuruwa masu ganuwa suna kafa unguwoyi a bakin rafuka. A nan suka yi gamo da tsando. Tsandon da ke ɗauke da ciwon barci ba ya jure rana da bushewa. Rayuwarsa tana rataye da kurmin bakin rafi, inda inuwa ke riƙe laima, ƙasa kuma ke da sanyin da macen za ta ajiye tsutsarta. A wannan inuwar mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, shanu ke sha. Zuwa shekarun 1930 ciwon ya yi ƙamari a gabashin Zazzau, har a ƙasar Anchau, maƙwabciyar Ikara, aka tarar kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi.

A 1937 aka fara shirin Anchau, wanda masanin ƙwari T.A.M. Nash ya yi fice a cikinsa. Makamin shi ne gatari da adda. Aka sare kurmin bakin rafuka na ɗaruruwan mil a fili mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, aka tayar da mutum wajen 5,000 zuwa sababbin matsugunai, aka gina garin Takalafiya da rijiyoyin siminti. Ba a bi tsando ɗaya-ɗaya ana kashewa ba. Inuwarsa aka ɗauke, rana ta shiga, laima ta tafi, shi ma ya tafi. An ceci rayuka masu yawa, shanu kuma suka sami wurin zama. Sai dai kurmin nan shi ne ke riƙe gaɓar rafi, shi ke sa gurbi ya kai rani da ruwa da kifi. Kuma tunanin cewa share daji shi ne ci gaba ya zauna a zukata har bayan tsando ya zama labari.

Jirgi, garma da gonar gwaji

Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta wannan yanki. Kamfanin auduga na Ingila ya kafa injin gurza a Zariya, gyaɗa ta sami kasuwa, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi, don haka kowane magidanci sai ya noma abin sayarwa. Kowane buhu da jirgi ya ɗauka zuwa Ikko ya tafi da wani abu na jikin ƙasar da ba ya dawowa. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, a 1928 gonar dabbobi ta Shika, a shekarar kuma aka fara koya wa manoman Arewa garmar shanu. Garma ta faɗaɗa gona ta rage wahala, amma ba ta shiri da kututture. Fartanya takan kewaye shi, ya sake tofo. Garma, da tarakta bayanta, sai an tone shi da saiwarsa.

Abubuwa biyu da aka gano a wannan zamani sun cancanci a tuna da su. A 1950 aka ware filaye a Samaru don gwaji mai dogon zango: wani a zuba masa kashin shanu, wani takin zamani, wani duka biyun, wani a bar shi haka. Da shekaru suka tara, filin da ake ɗura wa takin naitirojin shi kaɗai ƙasarsa ta yi tsami, amfani ya ja baya, wanda ake haɗa wa da kashin shanu kuwa ya riƙe ƙarfinsa. Daga 1966 kuma David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi manoman Hanwa da Dan Mahawayi da Doka, wadda ke kan hanyar Kano, suna lissafa aikinsu da abin da suke samu. A lokacin malaman gona suna kallon haɗa shuka a matsayin ci baya. Lissafi ya nuna mafi yawan gonaki a haɗe ake shuka su, kuma manomi yana da hujja: abin da yake samu ya fi, kasadarsa ta ragu, in gero ya ƙi dawa ta yi. Samaru ta tabbatar da ilimin kakanni da alƙalami, amma abin da ya biyo baya ya bi wata hanya dabam.

Zamanin masara

Farin 1972 da 1973 ya girgiza Arewa. A 1975 kuturun gyaɗa, cutar da wani ɗan ƙwaro mai tsotson ganye ke yaɗawa, ya lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa. Dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. Gonakin tudu suka rasa babbar mai ciyar da su daga iska, a daidai lokacin da sabuwar baƙuwa ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Kafin nan masara abar bayan gida ce, ana gasa ta ɗanya a tari yunwar damina. Sai cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta fitar da farar masara mai suna TZB, shirin noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 ya yaɗa ta tare da taki, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari ta biyo da nata a 1980. Kuɗin mai ya sa gwamnati na ɗauke fiye da rabin farashin buhu. Masara kuwa ta sami abin da take so a nan: rana mai yawa, dare mai ɗan sanyi, ruwa daidai. Cikin shekaru kaɗan tuwon masara ya ture na dawa a gidaje da yawa. Arzikin da ta kawo na gaske ne. Da ita aka yi rufin kwano, aka sayi babur, aka aurar da 'ya'ya, aka sauke farali.

Amma masara mai ci ce, kuma ita kaɗai ake shuka ta. Mutane suna ƙaruwa, gado yana rabuwa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin uku jimillar mutum kimanin 480,000, kuma saura ta zama abin da ba kowa ke iya bari ba. Farin 1983 da 1984 ya sake bugawa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, a 1997 aka janye tallafin taki, manomi ya koma zuba rabin abin da gona ke nema. Ƙasar da aka daina ba kashi da ganye ba ta iya riƙe ko wannan ɗin. Zuba mata taki ya zama ɗiban ruwa a kwando: marka ɗaya ta wanke shi.

Mai ba da labarin wannan rauni ita ce wuta-wuta. Kyakkyawan furenta mai ruwan hoda yana fitowa ne bayan ta gama ɓarna. Irinta ƙanana ne ƙwarai, tsiro guda yana zubar da dubbai, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji ruwan da saiwar dawa ko masara ke fitarwa, sannan su manne mata su yi ta tsotsa tun shuka tana ƙarama. A gona mai ƙiba ba ta cika yin tasiri ba. A gonar da ta rame, wadda ake maimaita mata hatsi shekara da shekaru, nan take sarauta.

Fadama ta daina hutawa

Makarfi da Kudan sun daɗe da suna a rake. Wanda ya je wurin dafa mazarƙwaila da hunturu ya ga yadda ake tura sandar rake cikin injin matsa, wanda a da doki ke juyawa, yanzu man dizal, ruwan ya gangara cikin babban kasko, a yi ta iza wuta da busasshen ɓawon raken ana kwashe kumfa, har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Duk wannan zaƙi daga baƙar laka da ruwan da tudu ya tsiyayo ya fito. Ikara kuma ta yi suna a tumatir, har aka kafa mata kamfanin sarrafa shi a 1981, kamfanin da ya shafe shekaru yana aiki yana tsayawa.

Da jigo ake ban ruwa a da, kuma ƙarfin hannu ne ke iyakance faɗin lambu. Daga farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya yaɗa ƙananan injinan fetur da rijiyoyin bututu. Noman rani ya bunƙasa, matasa da yawa suka fasa tafiya cirani. Amma rani yana da aikin da yake yi wanda ba a lura da shi ba: watannin da babu kore su ne ke yanke zuriyar ƙwari. Da fadama ta zama kore shekara zagaye, da tumatir a bayan tumatir, ƙwaro ya daina yunwa. Aka tare shi da feshi, feshin ya haɗa da gizo-gizo da zanzaro da kwaɗi masu cin ƙwarin, da ƙudan zumar da ke bin fure.

A 2016 aka ga ƙarshen lissafin. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ya shiga Sifen a 2006 ya tsallako Afirka, ya sauka a lambunan tumatir. Manoma suka sa masa suna sharon. Tsutsarsa tana shiga tsakanin fatar ganye, inda magani ba ya kaiwa, zafin bazara kuma yana gaggauta hayayyafarsa. Lambu kan ƙone cikin 'yan kwanaki. A watan Mayu gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashin kwando ya ninka sau da yawa. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Najeriya, ita ma daga nahiyar Amurka.

A tudu, tsohuwar amanar manomi da makiyayi ta kwance. Kara da harawa sun zama kayan sayarwa, ana kwashe su tas. Burtali ya tsuke, mashaya ta zama lambu, shanun da ake roƙo su kwana a gona yanzu korarsu ake yi. Ɗorawa da kaɗanya suna tafiya a itacen girki da gawayi, waɗanda suka rage tsofaffi ne, babu 'ya'ya a gindinsu. Ruwan farko yakan tarar da ƙasa tsirara, ya bar fako a sama, kwazazzabo a gangare, yashi a fadama. Ungulu ma, mai share mushe, ta yi ƙaranci a mahauta, kuma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Abin da ke hannunmu

Ba a komawa 1950. Yawan bakin da ake ciyarwa yau ya fi ƙarfin saura da mangala, kuma takin zamani yana da muhallinsa. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, duk lokacin da aka magance matsala guda ita kaɗai, da gatari ko buhu ko inji ko kwalbar feshi, an yi nasara, amma an sallami wani ma'aikaci mai rai da ke aiki ba lada, sannan aka koma sayen aikinsa da kuɗi.

Alamun gyara suna nan. Waken soya ya shiga gonakin yankin sosai, kuma manomin da ke juya shi da masara ya san bambancin: yana barin ƙarfi a ƙasa, yana kuma yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro bai sami abin kamawa ba ya mutu. Samaru ta fitar da irin masara na SAMMAZ masu jure wuta-wuta, da irin gyaɗa na SAMNUT masu jure kuturu. Kashin kaji da na shanu sun yi daraja har ana sayensu mota-mota. A Maraɗi kuwa, inda ruwan shekara bai wuce kusan rabin namu ba, tun 1983 wani mai suna Tony Rinaudo da manoman ƙauyuka suka fara abin da ake kira sassabin zamani: a bar kututture ya tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Da wannan dabara aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar, ba tare da dashe ko ban ruwa ba.

Don haka lissafin taimakon manomi bai kamata ya tsaya a yawan tirelar takin da aka raba ba. Ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai suna da ikon tsare burtali da mashaya, da hana sare ɗorawa da kaɗanya, da barin 'yar tazarar itace da ciyawa a bakin kowane rafi. Malaman gona suna iya koyar da juya shuka da hutar da lambu da irin himmar da aka koyar da feshi. Malamin kimiyya a sakandaren Ikara ko Makarfi yana iya fitar da ɗalibansa su tuge gyaɗa su ga darasin da idonsu. Yawan ruwan da zai sauka baɗi, da zafin rana, da ƙurar hunturu, duk na Allah ne, ba mu da ta cewa. Amma ko ruwan zai shiga ƙasa ko zai gudu da ita, wannan ya danganta da itacen da muka bari, da kashin da muka mayar, da abin da muka shuka bayan masara, kuma waɗannan a hannunmu suke tun daga kakar bana.